Rawanin da Ake Naɗa wa Matattu

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta bazu cikin gidajen da Allah ya buɗe wa 'ya'yansu ƙofar boko ko ta kasuwa, wato taron zumunta na shekara-shekara, inda zuriyar mutum guda, tun daga mazauna Kano da Kaduna da Abuja har zuwa waɗanda ba su taɓa yin nisa da bakin gona ba, sukan hallara a garin kakansu bayan Sallah, a yanka abin yankawa, a yi wa magabata addu'a, a san 'ya'yan juna. Kuma game da wannan ba ni da abin faɗa sai yabo, domin sadar da zumunci wajibi ne da shari'a ta aza a wuyan kowane Musulmi, wanda ya raya shi kuwa ladansa yana wurin Ubangiji. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗan littafin nan da akan raba a wurin taron, wanda ake ce wa tarihin gida, domin na karanta irinsa da dama, har da na gidanmu, amma har yau ban ci karo da guda ɗaya ba wanda ya ce kakanmu manomi ne, da jaki ya zo, ya roƙi daji aka ba shi ya sare. Kowane kaka, in ka buɗe shafin farko, ɗan sarki ne da 'yan'uwa suka yi wa ƙwacen gadon sarauta ya yi zuciya ya bar gari da dare, ko kuwa shaihin malami ne da ya taso daga Gabas da raƙuma niƙi-niƙi da littattafai, har mai karatu ya shiga tambayar kansa, in dai kowa jikan sarki ne ko jikan waliyyi, to, wane ne ya noma geron da sarakunan da waliyyan suka ci?

Tushen gidanmu yana wani ɗan ƙauye a gefen Babban Mutum, cikin ƙaramar hukumar Baure ta ƙasar Daura, a can inda hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Babura take gab da faɗawa Jamhuriyar Nijar ta nufi Magarya. Ƙasa ce ta rairayi da gawo da goriba, wadda ta fi karɓar gero da wake da gyaɗa, kuma sunan garin kansa yakan sa baƙo murmushi ya ce ashe ku mutanen babban mutum ne. La'alla ma wannan tsokana tana cikin abin da ke sa wasunmu jin kunyar fitowa daga tsatson ƙaramin mutum. Wanda ya nemi tarihin wannan ƙasa a rubuce ba zai rasa ba, illa dai tarihin fada zai samu. Zai sami Bayajida da Daurama da rijiyar Kusugu, da girgam mai jera sarakuna ɗaya bayan ɗaya. Zai sami cewa a wajen 1805 Malam Isiyaku, mai riƙe da tutar Shehu Usmanu, ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu, sarkin Daura na lokacin, ya fita da jama'arsa, daga bisani gidan tsohuwar sarautar ya rabu, wani reshe ya zauna Zango, wani Baure, duka biyun a ƙarƙashin inuwar Damagaram wadda ta ƙasaita a zamanin Sarki Tanimu. Zai sami yadda Turawan Ingila, ba da jimawa da cin Kano a 1903 ba, suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da shi gadon kakanninsa, da yadda ɗansa Abdurrahman ya yi shekara 55 bisa karaga, daga 1911 zuwa 1966. Duk wannan tabbas ne, kuma M. G. Smith ya tattara shi filla-filla cikin littafinsa na sha'anin mulkin Daura wanda aka buga a 1978. Amma kusan shekara 100 da ƙasa ta yi tana rabe gida uku, dawakin wannan suna faɗa wa ƙauyukan wancan, wanda ya fi kowa ɗanɗana ɗacinta shi ne mutumin da ke shuka da kwari rataye a kafaɗa, bai sani ba ko shi zai girbe abin da ya shuka ko kuwa kafin kaka an sa masa igiya a wuya. Wannan mutum kuwa babu layi ɗaya da ya ambace shi, alhali shi ne kakan mafi yawanmu.

Shekarar da aka fara raba littafin gidanmu na ɗauke shi na kai wa Gwaggo, yayar mahaifina, wadda a lokacin ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga tsohon da idonsu, wato kakanta, kakan mahaifina ke nan. Na same ta da hantsi a ƙofar ɗakinta bisa tabarmar kaba, ƙwarya a tsakanin ƙafafunta, tana ɓarar gyaɗar iri, tana ware masu ƙwari gefe guda ba tare da ta dube su ba, yatsunta kaɗai ke gane su. Na gaishe ta, na zauna, na karanta mata shafin da ya ce tsohon ɗan sarki ne na wata masarauta a arewa, ya taso da dawaki da barori bayan an hana shi sarauta.

Ta dakata da ɓarar ta ce, "Babana, sake karanta mini wurin nan, kunnen ya yi nauyi." Da haka take kirana, domin sunan mahaifinta aka sa mini, bakinta kuwa ba ya iya kama shi.

Na sake karantawa. Ta yi dariya har sai da ta sa gefen mayafi ta share ido, sa'an nan ta ce, "Wane sarki? Tsohon nan da na sani, mai kaushi a diddige kamar bayan kada? Jakai biyu ya zo da su, ɗayan ma ɗingishi yake yi. In shi ɗan sarki ne, to, ni ce Magajiya."

Na ce, "Gwaggo, ai Alhaji ne ya sa aka rubuta, ya ce wani maroƙi ne ya jero masa silsilar tun daga sama."

Ta ce, "Maroƙi ai abin da ka biya shi zai ba ka. Ajiye takardar nan, taya ni ɓara, in gaya maka abin da ya gaya mini da bakinsa."

Ya kuwa gaya mata da yawa, domin a al'adarmu abin da uba ba zai taɓa faɗa wa ɗansa ba saboda kawaici, kaka yakan zube shi gaban jika cikin wasa, ita kuwa yana kiranta matarsa, tana ce masa ta fasa auren tsoho mai rowa. Ga abin da na tsinta a yinin nan da wasu yini biyu bayansa. An haife shi a wani ƙauye arewa da nan, wanda a yau yake cikin Nijar, a zamanin da babu wata iyaka tsakanin nan da can sai ta wanda kake kai wa gaisuwa. Yana saurayi Faransawa suka ci Damagaram a 1899, yana magidanci kuma Turawan ƙasashen biyu, Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila, suka bi daji tsakanin 1906 da 1908 suna kafa alamun iyaka, sai ya wayi gari gonarsa tana ƙasar wani Bature, kasuwar da yake ci tana ƙasar wani, ba tare da kowa ya nemi shawararsa ba. Da damina noma yake yi, da rani kuwa ya aza wa jakai mangala ya bi ayari, ya kai kanwa Kano ya komo da baƙi da goro, kuma a haka ya so ya ƙare kwanansa, sai daminar 1913 ta ƙi, aka shiga yunwar da mutanen wannan yanki suke kira Kakalaba, wadda ta kai matuƙa a 1914, har aka koma cin dilo da tafasa da 'ya'yan ƙarangiya, mata suna tone gidan tururuwa don neman ƙwayar hatsin da ta ɓoye. Da rumbu ya ƙare, aka ci iri, aka sayar da awaki a kan abin da bai kai ya kawo ba, sai ya ɗora abin da ya saura bisa jakan nan biyu ya yi kudu da matarsa da 'ya'ya uku. 'Yan mata biyu suka rasu a hanya, tsakaninsu kwana kaɗan, ya haƙa musu da fartanyarsa, ya yi musu salla shi kaɗai gwargwadon abin da ya iya. Namijin da ya rayu shi ne kakana, wanda duk masu shiga manyan motoci su zo taron zumunta daga tsatsonsa suka fito.

Da ya iso nan ya durƙusa gaban mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙo ne, ina neman inda zan kafa bukka," aka nuna masa wani daji mai sabara da geza, ya yi sassabe, ya ci bashin iri, shi da waɗansu baƙi irinsa suka haƙa rijiyar da har na yi wayo ana sha daga gare ta. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kamfanonin Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa, haraji kuma ya koma sai da sule da sisi, wuri ya daina amfani, shi ma ya bi sahu ya ware wa gyaɗa gefen gona, don ita ce ke fid da mutum daga hannun dogari. Gwaggo ba ta rufe aibinsa ba, ni ma ba zan rufe ba. Mutum ne mai zafin rai da riƙo, mai ƙirga damman gero kowace yamma kamar wani zai sace su da rana tsaka. Wata shekara da haraji ya yi masa nauyi ya tsallaka can wurin danginsa ya ɓuya, da Faransawa kuma suka zo kamun mutane aikin tilas, wanda ba su soke ba sai a 1946, ya sake tsallakowa da dare ya zo ya ba mai gari haƙuri. Karatunsa daga Fatiha sai ƙananan surorin da yake salla da su. Amma duk da rowar da jikarsa ke yi masa gori a kanta, ba a taɓa kai dami rumbu ba sai ya fid da zakka tun a gona, ɗaya cikin goma, kuma shi ne ya ɗauki ɗansa tilo, a lokacin da ya fi bukatar hannunsa a gandu, ya damƙa wa wani malami ya tafi da shi Gabas neman Alƙur'ani. Ni dai a ganina wannan mutum ya fi ɗan sarkin da Alhaji ya saya a wurin maroƙi, ko ba don komai ba, shi an yi shi, wancan kuwa ba a yi shi ba.

Wani abin mamaki shi ne Gwaggo, duk da kusancinta da shi, ba ta san sunansa na yanka ba, domin matansa ba su kama shi, 'ya'yansa ba su kama shi, surukai balle, kowa Tsoho yake ce masa, sai da muka bi diddigi muka tarar da sunan a katin shaidar wani ɗan'uwanmu da aka yi wa takwara da shi, wanda shi ma tun haihuwarsa Baba Ƙarami ake kiransa. Alkunya ado ce, ba na fatan ranar da za ta fita daga gidajenmu; amma ya kamata mu yarda cewa ita ce ta fi kowace gara cin sunayen magabata, musamman na mata, waɗanda daga Inna sai Iya sai Gwaggo, har su koma ga Mahaliccinsu jikokinsu ba su san yadda liman ya raɗa musu ba. Da makarantar boko ta zo kuma sai ta ƙara wani rufi, domin yaro da aka tambaya sunan ubansa a gaban jama'a yakan sunkuyar da kai, sai a rubuta masa sunan garinsu, shi ya sa muke da Aminu Kano da Shehu Shagari da Sa'adu Zungur, gari ya tsaya a gurbin uba da kaka.

Sarakuna suna da girgam da maroƙan fada da tambura. Malamai suna da ijaza da silsilar wanda ya karantar da wanda, har Malam Abdullahi na Gwandu ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukhi, don ambaton shaihunan da ya ɗauki ilmi a wurinsu. Talaka ma yana da nasa kundin, sai dai ba a takarda yake ba. Yana fuskarsa, inda wanzami ya tsaga masa alamar gidansu tun ranar suna, yadda ko an kama shi an kai shi wata ƙasa mai ido zai karanta asalinsa. Yana cikin laƙabinsa, domin Ciwake ya gaya maka lokacin da aka haife shi, Anaruwa da Marka haka nan, Tanko ya gaya maka mata ne a gabansa, Audi ya gaya maka bai tarar da ubansa ba. Yana cikin sunayen shekarun wahala, Kakalaba da Mai Buhu ta 1927 da 'Yar Gusau ta 1942, waɗanda tsoho ke auna haihuwa da aure da mutuwa da su. Yana kuma cikin kukar da ke kan iyakar gona da kufan da aka tashi. To, tsaga ta tafi, kuma ba na kukan tafiyarta. Laƙabban nan an daina sa su, ana ganin ƙauyanci ne. Kukar an sare ta, kufan an nome shi, kabarin ma da guntun tulu aka yi masa alama, damina uku ta share. Kundin talaka yana yagewa shafi-shafi a daidai lokacin da jikokinsa suka iya rubutu, su kuwa da suka ɗauki alƙalami sai suka zaɓi su kwafi na sarakuna.

Kada wani ya ce labarin mutumin ƙauye ba abin rubutawa ba ne, domin an gwada an gani. Dorugu, yaron nan na Dambanas kusa da Kance a ƙasar Damagaram, maƙwabcinmu na kusa, ɗan wani manomi makaɗi, wanda aka kama yana ƙarami aka sayar, ya bi Bature matafiyi Barth har Ingila a 1855, ya zauna ya ba wani Bature, Schön, labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885, kuma a Nasarawa ta Kano ya rasu a 1912 yana taimakon makarantar Ɗan Hausa; yau duk mai son ya ji yadda hari ke faɗa wa ƙauyen Hausa daga bakin wanda aka ɗaure, wurinsa yake zuwa. Haka Baba ta Karo, tsohuwar da ba ta san bihim ba, wadda Mary Smith, matar shi wancan Smith ɗin, ta zauna da ita a 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗa na aure da kishi da bauta da zuwan Turawa, aka buga a 1954, ita kuwa ta riga ta rasu tun 1951. Da an yi jinkirin shekara biyu da babu shi. Abin da ke ci mini rai shi ne dukansu biyu baƙo ne ya ga darajar maganarsu ya miƙa musu kunne, mu kuwa da muke da irin Baba a kowane tsakar gida, da waya mai ɗaukar murya a kowane aljihu, mun fi son mu ɗauki hoton abincin biki.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Wani malami abokina ya ce mini bin diddigin kakanni ƙofa ce ta alfahari da nasaba, wanda yake ɗabi'ar Jahiliyya, fifiko kuwa a wurin Allah da taƙawa yake. Na ce masa haka ne, Malam, amma dubi wanda ke alfaharin: mai littafin ɗan sarki ne, domin babu wanda zai yi wa jama'a ɗagawa da jaki mai ɗingishi, tarihin gaskiya maganin ujubu ne. Ilmin nasaba kuwa fanni ne da malaman Musulunci suka yi wa hidima tun farko, hadisi ya kwaɗaitar da saninsa gwargwadon abin da za a sadar da zumunci, kuma rabon gado da sanin muharramai, har da na shayarwa, ba su tsayuwa sai da shi. Sa'an nan gargaɗin da ya zo cikin Buhari da Muslim a kan wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba, alhali yana sane, gargaɗi ne mai tsanani wanda ban ga yadda masu sayen silsila za su kwana lafiya da shi ba. Ibn Haldun ma, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi dogon bayani cikin Muƙaddimarsa a kan yadda gidaje, in sun sami duniya, sukan nemo wa kansu asali mai daraja su liƙa, ashe cutar tsohuwa ce, injin buga takarda ne kawai ya sauƙaƙa ta.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta sitiri, kuma a kanta na daɗe ina juyayi. A yini na uku Gwaggo ta sa aka kori yara, ta rage murya ta ce mini uwar tsohon ba 'yar ƙasar nan ba ce, tsagenta daban, kuma shi da kansa ya ce har ta mutu Hausarta ba ta nuna ba, ba ta kuwa taɓa faɗin sunan garinsu ba sai dai wani lokaci in tana daka ta yi waƙa da harshen da ba wanda ke ji. Kamammiya ce, a taƙaice. Wannan shi ne ainihin abin da ake gudu, shi ake yi wa lulluɓi da alkyabba, domin dokar Turawa da ta 'yanta duk wanda aka haifa bayan watan Maris na 1901, da wadda ta soke bautar baki ɗaya a 1936, ba su goge abin daga zukata ba, kuma har gobe akwai inda kalma ɗaya irin wannan za ta ɓata auren yarinyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Saboda haka ban ce a hau lasifika ranar taro a tona kowane asiri ba, kuma ni ma ban kawo zancenta nan ba sai da na shawarci manya, ban kuwa kama suna ko ƙauye ba. Amma tsakanin shiru da ƙage akwai tazara mai nisa: shiru sitiri ne, shari'a ta yarda da shi, ƙage kuwa zur ne ko da a kan matacce aka yi shi. Kuma in an bi ta ɓarauniyar hanya, gida nawa ne a ƙasar Hausa, har da manyan gidajen sarauta, da babu jinin irin wannan baiwar Allah a cikinsa, alhali sarakuna da yawa 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne, Haruna Rashidu ma da duniya ta sani uwarsa kuyanga ce? Matar da aka raba da iyayenta tana ƙarama, ta yi daka ta yi surfe a ƙasar da ba tata ba, ta haifi wanda ya haife mu, in akwai mai jin kunya cikin wannan ƙissa wanda ya kama ta ne. Mu abin da ke kanmu shi ne mu sa ta cikin addu'a, ba kuwa za mu iya ba in mun share ta mun sa gimbiya a gurbinta.

Abin da nake kira gare shi ba mai wuya ba ne, kuma usulubinsa yana hannunmu tuntuni, domin al'ummar da ta gaji ilmin hadisi bai kamata a koya mata yadda ake tace riwaya ba. A sami littafi mai bango mai ƙarfi a kowane gida, a zauna da tsofaffi, mata kafin maza, domin su ne rumbun wannan ilmi, a rubuta abin da suka faɗa yadda suka faɗa, a sa wa kowane labari isnadinsa, wance ce ta faɗa, daga kakanta, ranar kaza. Abin da biyu suka haɗu a kansa ba tare da sun ji juna ba a san ya yi ƙarfi, abin da maroƙi ya faɗa bayan an yi masa kari a rubuta shi a gefe a san matsayinsa. Inda aka jahilta a bar fili. Wanda ya sami hali ya leƙa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, inda rahotannin ƙidayar haraji na zamanin Turawa suke ajiye, gunduma-gunduma, da sunayen ƙauyuka da masu garinsu da irin abin da ake nomawa, ko da bai sami sunan kakansa ba zai sami duniyar da ya rayu a ciki, ya gwada shekarun Bature da na tsohuwa ya ga inda suka dace.

Ni kaina na makara. Na tambayi Gwaggo sunan matar nan da ta taka daga arewa da goyo da yunwa, ta bar 'ya'yanta biyu a gindin itacen da ba ta sake gani ba, ta yi shiru ta daɗe, sa'an nan ta ce, "Babana, Inna muke ce mata." Da kaka ta zagayo Gwaggo ta rasu, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. An ce mini akwai wata tsohuwa a wani ƙauye can wajen Magarya, jikar ƙanen tsohon, wadda har yanzu hankalinta yana nan, kuma na yi niyya in Allah ya kai mu bayan girbi in sami mai babur ya kai ni, in riƙe mata goro da turmin atamfa, ko ita ta taɓa jin sunan. Littafin Alhaji kuwa an sake buga shi bana a takarda mai sheƙi, an ƙara wa silsilar kakanni huɗu daga sama, a bangon kuma an zana wani mahayi da rawani mai kunne biyu bisa ingarman doki.